Filin Masu Karatu: A Taro Kowa Ya Amince, a Bayan Taro Kowa Na Ƙorafi

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon a kan zaman wurin aiki ne, musamman yadda magana ke tafiya tsakanin shugaba da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Mun zaɓi uku daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni shugaban sashe ne a wata ma'aikatar jiha, kuma ban daɗe da samun wannan matsayi ba. Mutum goma sha ɗaya ne a ƙarƙashina, wasunsu ma sun girme ni. Duk ranar Litinin mukan yi taro, in gabatar da abin da nake ganin ya kamata a yi, sannan in tambaya ko akwai mai magana, amma ba na jin komai sai "haka ne, ranka ya daɗe." Kwanan baya muka sauya tsarin karɓar takardun jama'a, aiki ya cakuɗe, har darakta ya kira ni ofishinsa ya yi mini faɗa. Daga baya na samu labarin cewa mutum uku a cikinsu sun san tsarin ba zai yi aiki ba tun ranar da na kawo shi, har sun tattauna a wurin mai shayi, amma babu wanda ya buɗe baki a taro. Shin munafunci ne wannan, ko baƙin ciki suke yi da matsayina? Wasu abokaina sun ce in ba su takardar tuhuma.

Daga wani shugaban sashe, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai ka ajiye maganar takardar tuhuma gefe guda, domin idan ka zauna rubuta ta za ka rasa laifin da za ka ambata, in ban da cewa an tambaye su sun yi shiru. Kuma ma'aikacin da aka hukunta saboda shiru ba magana zai koya ba, abin da zai koya shi ne yadda zai ɓoye cewa ya san wani abu tun farko. Ba zan rantse maka cewa babu mai jin haushin matsayinka a cikin mutum goma sha ɗaya ba, amma abin da ka bayyana yana faruwa har a ma'aikatun da babu gaba ko kaɗan a tsakanin ma'aikata, kuma masana halayyar jama'a sun daɗe da gano musabbabinsa.

A farkon shekarun 1950 wani masani a Amurka mai suna Solomon Asch ya riƙa tara ɗalibai bakwai zuwa tara a ɗaki guda, ya nuna musu kati mai ɗauke da layi ɗaya da wani katin mai layuka uku, ya ce kowa ya faɗa a fili wanne ne daga cikin ukun ya yi daidai da na farko a tsawo. Amsar ba ta da wuya, domin idan mutum shi kaɗai ne da kyar yake yin kuskure. Sai dai an riga an haɗa baki da duk mutanen ɗakin, ban da mutum ɗaya da aka zaunar kusa da ƙarshen layi, aka kuma umarce su da su riƙa ba da amsar da ba daidai ba da murya ɗaya. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, sun faɗi abin da idonsu ya ƙaryata. Abin da ya fi maka amfani a wannan bincike shi ne abin da ya faru da Asch ya ɗan sauya tsarin. Da ya sa mutum ɗaya tak daga cikin waɗanda aka haɗa baki da su ya riƙa faɗin gaskiya, sai bin jama'a ya ragu ƙwarai da gaske. Haka kuma da aka bar wanda ake gwadawa ya rubuta amsarsa a takarda maimakon ya furta ta a gaban mutane, nan ma ya ragu sosai. Ka riƙe waɗannan abubuwa biyu, za mu dawo kansu.

Ɗaliban nan ba su san juna ba, kuma babu abin da za su rasa idan sun saɓa wa sauran. Ma'aikatanka kuwa suna da abin rasawa, domin kai ne kake cika musu fom ɗin tantance aikin shekara wanda ƙarin girmansu ya dogara a kansa, kai ne kake sa hannu a takardar hutu, kuma ta hannunka sunan wanda za a tura kwas ko tafiyar da ke da alawus yake wucewa. Ga kuma tarbiyyar da muka taso da ita, wadda ta hana yaro musu da na gaba a bainar jama'a. Waɗanda suka girme ka kuma nasu nauyin daban ne: dattijon da ya gyara wa shugaban da bai kai shi shekaru ba magana a gaban ƙananan ma'aikata ya san za a ce ya ci masa fuska, ko a ce hassada ce ta motsa shi, don haka ya gwammace ya yi shiru. Ba abin mamaki ba ne a ce shirun da ka ɗauka ƙiyayya ce, su a wurinsu girmamawa ce. Ni a ganina wannan tarbiyya tana da kyau a gida da unguwa, amma a ofis tana da tsada, kuma ba kai ko su ne kuke biyan kuɗin ba, talakan da takardarsa ta maƙale ne yake biya.

Kada ka ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A daren 27 ga Janairun 1986, jajiberin harba kumbon Challenger a Amurka, an yi taro ta wayar tarho tsakanin jami'an NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke cilla kumbon sama. Injiniyoyin kamfanin, ciki har da Roger Boisjoly, sun ba da shawarar kada a harba, saboda zobban robar da ke toshe mahaɗar sassan rokokin sukan sandare idan an yi sanyi, ga shi kuma ba a taɓa harba irin wannan kumbo a lokacin da ɗumin zobban ya gaza kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali ana hasashen sanyin da ya fi haka tsanani sosai. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗinsu da wannan shawara. Sai manajojin kamfanin suka nemi a ba su ɗan lokaci su keɓe, suka yanke hukunci a tsakaninsu ba tare da sa injiniyoyin a cikin masu yankewa ba, suka dawo kan waya suka ce a harba. Da aka tambaya ko akwai mai wani ra'ayi daban, babu wanda ya tanka. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu, kuma kwamitin binciken da shugaban ƙasa ya kafa ya ce hanyar da aka bi wajen yanke hukuncin tana da naƙasu. Mutanen nan ƙwararru ne, kuma a ƙasar da ake ganin kowa na faɗin abin da ke ransa suke, amma tambayar da aka yi musu a ƙarshen taron ita ce dai irin wadda kake yi duk ranar Litinin.

Tambayar nan ta "akwai mai magana?" ita ce tambaya mafi rauni da shugaba zai yi, musamman idan ta zo bayan ya riga ya bayyana nasa ra'ayin. Duk wanda ke wurin ya fahimci cewa an gama magana, ladabi ne kawai ya sa aka tambaya, kuma wanda ya ɗaga hannu a wannan lokaci ba shawara ya kawo ba, musu ya kawo. Saboda haka gyara na farko yana hannunka, kuma ba ya cin ko kwabo: ka daina fara faɗin matsayinka. Ka kawo matsalar kawai, ka ce takardun jama'a suna daɗewa kafin a kammala su, me kuke gani ya jawo haka, sannan ka kame bakinka, ka kuma kula da fuskarka, domin ma'aikata sun fi karanta fuskar shugaba fiye da yadda suke sauraron kalamansa. Ka fara da mafi ƙanƙanta a mataki ka hau zuwa sama, ka kira kowa da sunansa, domin idan mai mataki na 13 ya riga ya yi magana, mai mataki na 07 ba zai saɓa masa ba, amma idan ƙaramin ne ya fara, babu wanda ya saɓa wa. Idan al'amarin babba ne, irin sauya tsarin da kuka yi, ka aika musu da shi tun ranar Alhamis, ka ce kowa ya rubuto abu ɗaya da yake ganin zai iya lalata shirin, ba tare da sa suna ba idan ya ga dama, kai kuma ka karanto su a taron da bakinka. Wannan ita ce dabarar rubutu ta Asch. Dabararsa ta biyu kuwa ita ce ka zaɓi mutum ɗaya a kowane taro, ana karɓa-karɓa, ka ɗora masa alhakin nemo aibin shawarar da ake tattaunawa. Tunda kai ne ka sa shi, babu mai cewa ya yi maka rashin kunya, kuma da zarar an ji murya ɗaya ta saɓa ba tare da an yi mata komai ba, ta biyu ba ta wuyar fitowa.

Akwai wani dalilin kuma da bai shafi tsoro ba. A 1985 wasu masana biyu, Garold Stasser da William Titus, sun raba wa ƙananan rukunonin ɗalibai bayanai a kan 'yan takara uku, ta yadda wasu bayanan kowa ya san su, wasu kuma mutum ɗaya ne kaɗai ya sani, kuma sai an haɗa na kowa sannan za a gane ɗan takarar da ya fi cancanta. Suka tarar cewa rukunonin sun fi ɓata lokaci wajen maimaita abin da kowa ya riga ya sani, yawancinsu kuma ba su kai ga zaɓin da ya dace ba. Haka taro yake: abin da kowa ya sani shi ne yake samun masu gyaɗa kai, abin da akawu ɗaya ya gani a teburinsa kuwa yakan ɗauka ƙaramin abu ne da bai kai a kawo shi gaban shugaba ba. Don haka tambayar da ta fi fa'ida ita ce wadda aka nufi mutum da ita kai tsaye a kan aikinsa, misali ka ce wa mai karɓar takardu a taga, idan muka yi haka, me zai faru a teburinka da ƙarfe goma na safe lokacin da layi ya yi tsawo?

Haka kuma ka riƙa bambance musu abin da aka riga aka yanke daga sama da abin da ake neman shawara a kansa, domin ma'aikacin da ya taɓa ba da shawara a kan abin da ashe an gama da shi ba zai sake ɓata yawun bakinsa ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, da Manzon Allah (SAW) ya sauka da runduna a wani wuri, sai Sahabi Hubab ɗan Munzir ya fara tambaya shin wannan masauki umarni ne daga Allah wanda babu damar sauya shi, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka amsa masa cewa ra'ayi ne da dabara, sai ya kawo shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, aka kuma karɓa. A nan na ƙasa ya yi tambaya cikin ladabi, shugaba kuma ya ba da amsa ƙarara a kan ko ƙofar shawara a buɗe take.

Duk waɗannan dabaru za su tashi a banza idan ka kasa cin jarrabawar farko, wato ranar da wani zai yi ƙarfin hali ya gaya maka abin da ba ka so ka ji. Sauran goman za su zuba ido su ga abin da zai same shi, ba a ranar kaɗai ba, har zuwa lokacin rabon tafiye-tafiye da cika fom. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton za ta tarar da cewa sassan da suka fi samun shugabanci nagari su ne suka fi ƙarancin kuskure wajen ba marasa lafiya magani, sai ta ga akasin haka a rubuce. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana cewa a waɗannan sassa ne ma'aikata suka fi sakin jiki su kai rahoton kuskure, yayin da a sassan da shugaba ke da zafi ake rufe shi. Saboda haka idan ka fara wannan gyara ka ga ƙorafi da rahoton matsaloli sun ƙaru a teburinka, kada ka firgita, matsalolin dama suna nan, wurin mai shayi ne kawai ake kai su.

Su kuma mutum ukun nan, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba, kuma kada ka tambaye su me ya sa suka yi shiru, domin amsar da za ka samu ita ce "a yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ka tambaye su me suka hango a tsarin wanda kai ba ka hango ba, ka rubuta a gabansu, sannan ka ɗora musu aikin gyara shi, kuma idan za ka kai wa darakta rahoto ka sa sunayensu a ciki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni akanta ce a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, kuma an ba ni shugabancin sashen sito da lissafi. Akwai wani dattijo mai kula da sito wanda ya haura shekara ashirin a kamfanin, karatunsa kuma bai wuce sakandare ba. Idan na ba da umarni sai in ga direbobi da masu lodi suna kallon fuskarsa kafin su motsa. Idan ya ce a yi, an yi, idan kuwa ya yi shiru, aikin sai ya kwana. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, amma ina ji a raina kamar shi ne shugaba ni kuma 'yar rakiya. Ina tunanin in nemi a sauya masa wurin aiki.

Daga wata ma'aikaciya, Kano

AMSA: 'Yar'uwa, barka kadai. Kina da ikon neman a ɗauke shi, mai yiwuwa ma a amsa miki, amma ina ba ki shawarar kada ki yi, aƙalla ba yanzu ba.

A 1959 wasu masana biyu, John French da Bertram Raven, sun rarrabe hanyoyin da mutum yake samun iko a kan wasu gida biyar: ikon kujera, ikon ba da lada, ikon yin hukunci, ikon ƙwarewa, da ikon da ke zuwa daga ƙauna da ganin girma. Daga baya Raven ya ƙara na shida, wato riƙe bayanan da wasu ke bukata. Takardar naɗin da aka ba ki ta miƙa miki uku na farko a rana ɗaya, amma sauran ukun babu takardar da ke ba da su, kuma bisa ga abin da kika faɗa suna hannun dattijon nan. Shi ne ya san wane dila ne yake jinkirin biya amma ba ya cin bashi, wace mota ce ba ta jure hanya mai nisa, wane mai lodi ne matarsa ke kwance a asibiti. Ina kyautata zaton shi ne yake zuwa sunan 'ya'yansu da jana'izar iyayensu, shi ne kuma yake ranta musu kuɗi kafin albashi. Kallon da suke yi masa kafin su motsa tambaya ce suke yi, shin wannan umarni zai jawo mana matsala, kuma shekara ashirin ta koya musu cewa amsarsa takan zama daidai.

Irin wannan tsari na bayan fage yana nan a kowace ma'aikata. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric da ke kusa da birnin Chicago, masu bincike sun sa ido a kan ma'aikata 14 a ɗaki guda tsakanin 1931 da 1932. Ko da yake tsarin biyan kuɗin ya tanadi ƙarin samu idan aiki ya ƙaru, sai aka ga mutanen sun yanke wa kansu adadin da suke ganin ya isa aikin yini, kuma duk wanda ya zarce shi sai ya sha zolaya da baƙar magana, wani lokaci har da dukan dantse, har ya dawo layi. Dokar da abokan aiki suka kafa ta rinjayi ta kamfani, ta kuma rinjayi kwaɗayin kuɗi. Idan kika sa aka ɗauke dattijon, wannan tsari ba zai bi shi ya tafi ba. Wani ne zai gaje shi, mai yiwuwa wanda bai kai shi hankali ba, kuma sabon zai fara ne da jama'ar da suka riga suka ɗauke ki a matsayin wadda ta kori ubansu.

Abin da ya fi shi ne ki same shi a sito, ba ki aika a kira shi ofishinki ba, ki gaishe shi da Baba kamar yadda kowa ke yi, ki kuma riƙa kawo masa shirinki kafin ki sanar da shi ga jama'a. Ki ce masa ga abin da nake so a cimma, ina ne kake ganin za a samu cikas? Idan ya kawo gyara mai ma'ana ki karɓa, ki kuma faɗa a gaban ma'aikata cewa daga gare shi ya fito. Amma sanarwar kanta ke ce za ki yi ta da bakinki, shi yana tsaye a wurin, domin kada ki koya wa mutane cewa sai an bi ta kansa ake jin ki. A lokaci guda ki gina naki ikon ƙwarewa ta hanyar da shi ba zai iya ba: idan kuɗin ƙarin lokacin aiki na direbobi ya saba maƙalewa a ofishin kuɗi, ke da kika san lissafi ki warware musu shi, za ki ga yadda kallo zai fara sauya alkibla.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ba zan yi sassauci ba. Ladabi da neman shawara ba su shafi ƙidayar kaya ba. Ki tabbatar ana ƙirga abin da ke sito a kan lokaci, ana daidaita shi da abin da ke littafi, kuma ba mutum ɗaya ne yake karɓar kaya, ya fitar, ya kuma rubuta ba. Wannan ba zargi ba ne a kansa, ƙa'idar aikinki ce, kuma ki gaya masa haka tun farko. Mutumin kirki ba ya ƙin a ƙirga. Idan kuwa kika ga tasirinsa yana aiki ne wajen hana ƙidayar, to lamarin ya tashi daga batun zaman tare, sai ki rubuta wa manaja tare da alƙaluman da kika samu.

TAMBAYA: Salam, Malam. An kafa mana kwamiti na mutum goma sha biyu a makarantar da nake koyarwa domin shirya bikin yaye ɗalibai, amma mu uku ne kawai muke wahala. Sauran sai dai su zo taro su sa hannu, a zauren WhatsApp kuma su turo "Allah ya taimaka." Me ke sa mutanen da na san ba malalata ba ne su zama haka?

Daga wani malamin makaranta, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wani injiniyan aikin gona a Faransa mai suna Max Ringelmann ya auna ƙarfin mutane wajen jan igiya, ya kuma wallafa sakamakon a 1913. Ya tarar cewa duk lokacin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane mutum ɗaya yake bayarwa raguwa yake yi, har idan sun kai takwas kowannensu bai fi rabin abin da yake bayarwa shi kaɗai ba. Wani ɓangare na wannan asara rashin haɗa hannu a lokaci guda ne, amma binciken da Bibb Latané da abokan aikinsa suka yi a 1979, inda suka sa mutane ihu da tafi, ya nuna cewa ko an cire wannan, mutum yakan rage ƙoƙari da zarar ya ji cewa nasa zai ɓace a cikin na jama'a. A wani binciken da suka yi daga baya, da aka gaya wa mutane cewa ana auna na kowa daban, sai ragin ya kusan gushewa. Wannan shi ne abin da muke nufi idan muka ce wani ya shiga rububi, kuma ba sai malalaci ne yake yi ba.

Mutum goma sha biyu sun yi wa shirya biki yawa, amma tunda an riga an naɗa su, kada ka nemi a rage, za ka sayi gaba ne kawai. Ka daina tura saƙo zuwa zauren kana cewa "ana bukatar wanda zai nemo rumfa da kujeru," domin saƙon da aka aika wa kowa babu wanda yake jin da shi ake. A taro na gaba ku raba aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sunan mutum ɗaya da ranar da zai kawo bayani, sakatare ya rubuta, a kuma karanta a farkon taron da zai biyo baya kafin a shiga wani batu. Ku ukun nan ma kuna da naku hannun a ciki, domin duk lokacin da wani ya yi jinkiri kuka ɗauke masa aikinsa don gudun kunya, kun tabbatar masa cewa rashinsa ba ya hana komai. Ku zaɓi aikin da jinkirinsa ba zai rusa bikin ba, kamar buga katin gayyata na zagaye na biyu ko tsara jerin masu jawabi, ku bar shi a hannun mai shi har ranar da aka sa, idan bai yi ba shugaban kwamiti ya tambaye shi a gaban kowa, cikin mutunci, yaushe za a same shi.